Cikas Makaranta Ce: Darasi Daga Kasuwar Muda Lawal

Duk wanda ya san garin Bauchi ya san Kasuwar Muda Lawal, inda ake hada-hadar tumatur, da albasa, da tattasai, da sauran kayan gwari. Amma ba kowa ya san tarihin mai sunan ba. An haifi Mudashiru Lawal a Abeokuta cikin 1954, kuma aikin makaniki ya fara yi kafin ya shahara a wasan ƙwallon ƙafa. Sau biyu yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka je neman Kofin Afirka suka dawo da matsayi na uku, wato a 1976 da 1978. Ba su karaya ba, suka koma suka gyara kurakuransu. A 1980, a birnin Ikko, suka ci Aljeriya 3 da nema, kuma Muda ne ya jefa ƙwallo ta uku.

Irin wannan jarrabawa ta sauko wa 'yan kasuwa a farkon 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200, da 500, da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya a ƙasa baki ɗaya. Masu kayan gwari sun fi kowa jin jiki, domin kwandon tumatur ba ya jiran mai saye. In ya kwana biyu ko uku sai ya ruɓe, jari ya tafi.

A nan ne halin mutane ya rabu. Wani ya zauna yana ɗora wa wasu laifi, yana cewa shi sai kuɗi hannu, har kayansa suka lalace. Wani kuwa ya tambayi kansa abin da wahalar ta zo koya masa. Ya buɗe asusu a banki, ya sa yaronsa mai karatu ya nuna masa yadda ake karɓar kuɗi ta waya. Ya kuma koyi tabbatar da shigar kuɗi kafin ya miƙa kaya, saboda mazambata masu aika saƙon ƙarya. Tumaturin da ya yi kwantai ya yanka ya shanya, ya mai da shi kauɗa. Yanzu ƙarancin kuɗin ya wuce, amma ilmin da ya samu yana nan tare da shi.

Saboda haka ana jan hankalin jama'a, in cikas ya auku, mutum ya yi abu uku. Na ɗaya, ya rarrabe abin da yake iya gyarawa da wanda ya fi ƙarfinsa. Na biyu, kada girman kai ya hana shi tambaya, ko da wajen na ƙasa da shi ne. Na uku, ya riƙe abin da ya koya domin gaba.

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Haƙurin da ake nufi shi ne wanda ake haɗawa da dabara da aiki, a kuma roƙi Allah ya sa albarka.