DARASIN YAU: RUWA NAWA DOKI KE BUƘATA A YINI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Darasinmu na yau na masu doki ne, da wanda aka ba amanar barga. Dokin da ke ɗaure a turke ba shi da ikon zuwa rafi. Abin da ka kawo masa shi ne rabonsa, kuma za a tambaye ka a kansa. Ya inganta a hadisi cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, wata mata kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. To ina ga doki, wanda Manzon Allah (SAW) ya shaida akwai alheri tare da shi har tashin ƙiyama?

*ADADIN RUWAN*

Lissafin likitocin dabbobi shi ne kimanin lita 5 ga kowane kilo 100 na nauyin doki a yini, idan yana hutawa kuma gari da sanyi-sanyi. Ka ga dokin da ya kai kilo 400 zai sha kamar lita 20, wato kusan jarkar nan ta lita 25. Wannan fa shi ne mafi ƙaranci.

Idan bazara ta shigo, ko ana hawansa, abin yakan ninka biyu, wani lokaci har uku. Doki mai sukuwa cikin rana yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya. Goɗiya mai shayarwa ita ma buƙatarta ta fi ta sauran nesa, domin nono ruwa ne. Sannan a duba abinci: ɗanyar ciyawar damina cike take da ruwa, amma harawa da dusa da hatsi busassu ne, ruwan jikinsa suke ja.

*ILLAR ƘARANCIN RUWA*

Doki ba ya amai, kuma tumbinsa ƙarami ne bisa girman jikinsa. Idan ya ci busasshen abinci ruwa bai wadata ba, sai abincin ya cushe a hanji. Nan za ka ga yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, kashi ya ɗauke. Wannan ciwon yana kashe doki. Kar ka tsaya ɗura masa jiƙo, domin ɗuren dole yana iya bi ta huhu. Janye abinci, ka kira likitan dabbobi nan take.

*YADDA ZA KA GANE YANA DA ƘISHI*

1. Ka tsunkuli fatar wuyansa kusa da kafaɗa ka saki. Ta koma nan da nan, lafiya. Ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa 2, akwai matsala.
2. Ka ɗaga leɓensa. Dasashin mai lafiya da danshi yake, ba ya kama yatsa.
3. Ka duba kashinsa. In ya zama ƙanana, busassu, masu tauri, ruwa ya yi kaɗan.
4. Fitsari kaɗan mai duhu, da ƙin cin abinci, su ma alamu ne.

*ABIN YI*

Mafi kyau, ruwa ya zauna a gabansa dare da rana, a inuwa. In ba hali, a shayar da shi aƙalla sau 4 a yini, ya sha har ya ɗaga kai da kansa, kuma ruwa ya riga hatsi. Bokiti ɗaya safe ɗaya yamma ba ya isa a bazara, kun ji ko.

A auna da jarka don ka san abin da ya sha. Kar ka wadatu da yaro ya ce maka "na ba shi".

A wanke bokiti ko komi kullum. Doki yana ƙyamar ruwa mai wari, gara ya kwana da ƙishi.

Da hunturu yakan rage sha idan ruwan ya yi sanyi ƙarara, ga shi lokacin harawa ne. A sirka masa da ruwan ɗumi da safe.

A ajiye masa gishirin lasa. Gumi yana fita da gishiri, lasar kuma tana tayar masa da sha'awar ruwa. Kanwa a ba da ita da sauƙi, kuma in ka sa a ruwa, ajiye wani bokitin na zallar ruwa a gefe.

Bayan sukuwa ko hawan sallah, kar a hana shi ruwa wai sai ya huce na awanni. A sauke sirdi, a ba shi rabin bokiti, a zaga da shi a hankali, a ƙara masa, har ya ƙoshi. In za a kai shi wani gari hawa, a tafi da ruwan gida a jarka, domin wani dokin ba ya shan baƙon ruwa.

Yau kafin magariba, mai gida, leƙa bargarka da kanka ka duba bokitin nan. A tura wa duk wanda aka san yana da doki ko jaki.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wallahu a'alam.