Darasi Daga Filin Ƙwallon Kwando: Nazari a Kan Rayuwar Masai Ujiri

1.0 Gabatarwa

Wasa wani ɓangare ne na al'adar kowace al'umma, domin a cikinsa ne ake gane jarumi da rago. Bahaushe yana da dambe da kokawa da langa, sannan zamani ya kawo masa ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando. A nan Kudancin Kaduna, daga Kafanchan zuwa Kagoro da Zonkwa da Kwoi, ƙwallon ƙafa ce ta cinye kasuwa, har wasu na ganin ƙwallon kwando wasan dogayen Amurkawa ne kawai. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar Masai Ujiri, wanda ya koyi wasan a Zariya, don a ga abin da cin kofi yake bukata, da kuma abin da ake rasawa kafin a ci shi.

2.0 Yadda Gasar Take

Wani malami ɗan Kanada mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a shekarar 1891 a Amurka. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa biyar a fili. Babbar gasar duniya ita ce NBA, mai ƙungiyoyi 30, kuma kowace tana buga wasa 82 a kaka. Daga nan sai ƙungiyoyi 16 su shiga zagayen fidda gwani. A wannan mataki ƙungiyoyi biyu ne za su yi ta karawa, wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ita ce za ta wuce. Ke nan babu sauran ɓoye-ɓoye, domin abokin karawarka ya gama karantar duk wata dabararka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

3.0 Daga Zariya Zuwa Toronto

An haifi Ujiri a Ingila a 1970. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Kenya. Tun yana ƙarami aka dawo da shi Zariya, inda ya fara da ƙwallon ƙafa kamar kowane yaro. Yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, ya kuma samu horo a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya daɗe a Zariya. Ya yi karatu a Amurka, sannan ya shafe kimanin shekara shida yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, kamar a Ingila da Beljiyam da Jamus, har zuwa 2002.

Shi da kansa ya sha faɗa cewa wasansa bai kai na shiga NBA ba. Wannan gaskiyar da ya gaya wa kansa ita ce ta buɗe masa wata ƙofa. Ya fara aikin zaƙulo wa ƙungiyar Orlando 'yan wasa ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan Denver, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a NBA. A 2013 ya karɓi ragamar Toronto Raptors ta Kanada.

4.0 Tsakanin Zumunci da Kofi

A nan ne darasin yake. Toronto takan yi rawar gani a kaka, amma da an zo fidda gwani sai Cleveland ta LeBron James ta kore ta. Haka aka yi a 2016 da 2017 da 2018. A 2018 ma wasa 59 ta ci a kaka, amma Cleveland ta doke ta sau huɗu a jere. Sai Ujiri ya sallami koci Dwane Casey, wanda aka zaɓa gwarzon koci na wannan shekara. Bayan haka ya bayar da DeMar DeRozan, wanda ya yi wa ƙungiyar kaka tara kuma jama'ar gari suke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda rauni ya hana shi buga yawancin kakar da ta gabata.

Abin ya yi zafi. DeRozan ya ga an ci amanarsa, har sai da Ujiri ya ba shi haƙuri a gaban 'yan jarida. Kyle Lowry, aminin DeRozan, ya yi watanni yana fushi da shugabansa, amma bai taɓa yin sanyi a fili ba.

A 2019 aka ga sakamako. A wasa na bakwai da Philadelphia, ana kunnen doki a daƙiƙar ƙarshe, Leonard ya jefa ƙwallo, ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa, aka tashi 92 da 90. Milwaukee ta ci su wasa biyu na farko, suka rama da huɗu a jere. Ranar 13 ga Yuni suka doke Golden State da maki 114 da 110, suka ɗauki kofinsu na farko. Abin lura shi ne, a wannan dare Leonard maki 22 ya ci, yayin da Lowry, mai fushin nan, ya ci 26, Pascal Siakam ɗan Kamaru shi ma 26. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai ko wata ɗaya ba a yi ba Leonard ya bar ƙungiyar, shi kuma Ujiri ya rabu da ita a 2025.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da darussa uku. Na farko, mutum ya san iyakar baiwarsa, domin wanda bai zama tauraro ba yana iya zama mai gano taurari. Na biyu, saɓani da shugaba ba hujjar yin ha'inci a aiki ba ne, kamar yadda Lowry ya nuna. Na uku, nasara tana da farashi. Ko daidai ne a sadaukar da mai amana irin DeRozan don kofi ɗaya? Wannan tambaya ce da ya kamata ɗalibai su tattauna, su auna ta da ma'aunin amana da kara a al'adunmu.

Ujiri bai manta da mafari ba. A 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa mai horar da matasa, kuma cibiyar wasanni da ya buɗe a Kigali ta Ruwanda a 2025 sunan Zariya ya sa mata. Fili ɗaya da malami ɗaya ne suka tashe shi. Samarwa yaran Kafanchan da kewaye irin wannan bai fi ƙarfin makarantunmu ba.