Ngaundere, birnin bisa tudu

Jama'a, darasinmu na yau zai kai mu ƙasar Kamaru. Mu ɗauka an gama girbi, mun samu hutu, za mu buɗe ido.

A Yawunde, babban birnin ƙasar, za mu shiga jirgin ƙasa. Jirgin yakan tashi da almuru, ya kwana yana tafiya, ya iso Ngaundere da safe. Tsawon hanyar kilometir 622 ne. An gama shimfiɗa ta a shekarar 1974.

Da dare cikin kurmi muke. Gari na wayewa, sai tuddai da ciyawa da shanun Fulani.

Ngaundere tana bisa tudun Adamawa, wajen metir 1.100 sama da teku. Maraɗi ba ta kai metir 400 ba. In wuri ya yi bisa, iskarsa takan yi sanyi. Don haka mu riƙe bargo.

A garin za mu ga fadar Lamiɗo. Za mu ga wani dutse mai kama da cibiya. Daga gare shi garin ya samu suna. A kasuwa kuma za mu ji Hausa.

Amma hattara! Sefar Kamaru dabam take da tamu, sai an yi canji. Lambar wurin zama kuwa tana rubuce bisa tikiti. Wanda ya iya karatu ba a tashe shi daga kujerarsa.

Tambayoyi:
1. Me ya sa Ngaundere ta fi Maraɗi sanyi?
2. Zuwa da komowa, kilometir nawa ke nan?