Darasin Wannan Wata: Datse Kan Zogale

Jama'a, a ƙasar Ɗambatta da Bichi da Makoɗa gonaki sun matsu, kowane taku na ƙasa yana da mai shi. Shi ya sa zogale ya dace da mu. Ba ya cin wuri. Yana tsayawa a jikin danga ko a bayan gida, ya ba mu ganyen kwaɗo da na miya.

Da farko mu san shi, kada a cire shi wajen noma yana ƙarami. Ganyensa ƙanana ne masu siffar ƙwai, gefensu sumul. Na darbejiya dogaye ne, gefensu kamar haƙoran zarto. Furen zogale fari ne mai ƙamshi. 'Ya'yansa dogaye ne masu kusurwa 3, kowace ƙwaya a ciki tana da fukafukai 3. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Wasu suna kiransa bagaruwar Makka.

Zogale yana da saurin girma. A shekara 1 yana iya wuce mita 3. Nan matsalar take. In aka bar shi, sai ya miƙe sama kamar gora, ganye ya koma can ƙoli. Uwargida ba ta kai hannu, sai ta tura yaro ya hau. Kada a yarda da wannan! Itacen zogale ba shi da ƙwari, reshe yana karyewa da yaro nan take. Iskar farkon damina ma tana kayar da dogon zogale a kan danga.

Maganin abin shi ne datsa. In ɗan zogale ya wuce gwiwa, sai a tsinke kansa da yatsa. Zai fito da rassa ta gefe. In rassan sun kai kamu 1, su ma a tsinke kawunansu. Ta haka zai yi faɗi maimakon tsawo.

Tsohon da ya riga ya tafi sama fa? A sa adda mai kaifi, a datse shi daidai ƙugu ko ƙirjin babban mutum, wato mita 1 zuwa 1 da rabi. A yi saran a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai ya ruɓe. Wasu suna jin tausayin itacen. Ba zai mutu ba, cikin 'yan makonni zai tofo da rassa masu yawa. Lokacin da ya fi kyau shi ne bazara, dab da saukar ruwa. Mai son iri ya bar itace 1 ko 2 ba datsa.

Kada a zubar da rassan. A zaɓi masu kaurin damtse, tsawon mita 1, a binne kashi 1 cikin 3 a jikin danga. A zuba toka a ramin saboda gara, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Ganyen kuwa a shanya shi a inuwa, don rana tana rage masa amfani.