Darasi na 12: Ciwon Kafaɗa da Motsa Jiki

Karanta wannan bayani a natse, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Gubi tana arewa da birnin Bauchi. A can madatsar ruwan da ke shayar da birnin take, kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana da mazauni a wurin. Idan ka je bakin madatsar, za ka ga masunta suna tuƙa kwalekwale suna jefa birgi, manoman rani kuma suna aiki da fartanya. A cikin jami'a kuwa, ɗalibai suna rataye da jakunkuna, wasu sun duƙufa a kan kwamfuta. Duk waɗannan mutane da kafaɗa suke aiki, kuma kowanensu yana iya wayar gari da ciwonta.

Kafaɗa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: ƙashin dantse, da allon kafaɗa, da ƙashin da ya taso daga gindin wuya. A jikin ɗan Adam babu gaɓar da ta kai ta juyawa. Dalili shi ne kan ƙashin dantse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa ba shi da zurfi. Tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne suke riƙe da shi don kada ya goce. Idan mutum ya yawaita ɗaga hannu sama, ko ɗaukar kaya masu nauyi, sai jijiyoyin su gaji su fara ciwo. Ka tuna, jarkar ruwa mai lita 25 ta kai nauyin kilo 25.

Da zarar ciwo ya fara, mutane da yawa sukan naɗe hannu su daina motsa shi. Rage aiki na 'yan kwanaki yana da amfani, amma dogon hutu yakan raunana tsoka, gaɓa kuma ta sandare. Sandarewar kafaɗa ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon sukari, kuma takan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku kafin ta saki. Hausawa sun ce, motsi ya fi laɓewa. Ga motsi iri uku da za ka iya yi a gida:

1. Dafa tebur da lafiyayyen hannu, ka sunkuya, ka saki mai ciwon yana lilo gaba da baya.
2. Fuskanci bango, ka sa yatsu a kansa, ka tafi da su sama a hankali, sannan ka sauko.
3. Zauna a miƙe, ka ja kafaɗu baya kamar za su haɗu, ka ƙirga biyar, ka saki.

Yi kowanne sau goma, safe da yamma. Jin ɗan tsami ba laifi ba ne, amma idan zafi ya tsananta, sai ka dakata. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai ba kowane ciwo motsi yake magani ba. Garzaya asibiti idan ka faɗi kuma siffar kafaɗa ta sauya, ko ta kumbura tare da zazzaɓi, ko hannu ya mutu. Idan ciwon kafaɗa ya zo da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, kada a jira, domin yana iya zama daga zuciya. Ciwon da ya wuce mako biyu bai yi sauƙi ba, shi ma a kai wa likita. A Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda masu gashin ƙashi suke koya wa majinyaci motsin da ya dace da shi.

Ma'anar Kalmomi
birgi: ragar da masunci yake jefawa a ruwa
dantse: hannu daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu
gurbi: wurin da abu yake zaune a ciki
sandare: ƙage, a kasa lanƙwasawa
garzaya: tafi da gaggawa

Nahawu
Lura da kalmomin dafa, fuskanci da zauna. Umarni ne kai tsaye ga mutum ɗaya. Umarnin da ya biyo baya yakan ɗauki ka ga namiji, ki ga mace, ku ga jam'i. Wajen hani kuwa, ana fara wa da kada: kada ki ɗaga, kada ku jira.

Tambayoyi
1. Waɗanne ƙasusuwa ne suka haɗu a kafaɗa?
2. Me ya sa kafaɗa ta fi sauran gaɓoɓi juyawa?
3. Mece ce illar dogon hutu ga kafaɗa mai ciwo?
4. Kawo alamomi uku da ke nuna a tafi asibiti.
5. Sake rubuta motsi na biyu kamar da mace kake magana.
6. Rubuta jimloli biyar kana ba wani masunci shawara kan kula da kafaɗarsa.