Wanda ya kashe maka jar fitila ya kashe maka inji

Jiya da la'asar aka jawo mini wata Golf 3 da igiya har ƙofar gareji. Mai ita dattijo ne, tsohon malamin firamare. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta, ɗansa yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya, daga nan ake cefanen gida. Tun kafin yara su ɗaga bonet na ji ƙauri, na san an dafa injin nan.

Na zaro gejin baƙin mai, ya fito kamar shayin da aka cika wa madara. Tankin ruwa ƙaf, ko ɗigo babu. Na ce wa ɗan dattijon, "Kai, fitila ba ta nuna maka ba?" Ya ce, "Oga, wallahi ba abin da ya kama." Na kai hannu gefen tankin, sai ga soket ɗin sensa an zare, an haɗa bakinsa biyu da guntun waya, an naɗe da baƙin salatif. Nan raina ya ɓaci.

Da na matsa masa sai labari ya fito. Sati uku da suka wuce jar fitilar ruwa ta fara ƙiftawa kowace safiya. Ya kai wa wani ɗan rewaya a bakin tasha, shi kuwa ya ce ai halin Golf ne, sensarta ƙarya take yi, ya jona wayar, ya karɓi kuɗinsa. Sensa kuwa gaskiya take faɗa. Ruwa yana zurarewa ta robar nan da ke gefen tof silinda, wadda kowane bakanike ya san tana tsagewa in ta tsufa. Kuɗinta bai kai na man zuwa Zariya da dawowa ba. Ranar da ta ƙarasa fashewa, bayan Kwanar Ɗangora, ba mai faɗa masa. Allurar zafi ma ba ta tashi da wuri ba, don sensar da ba ruwa a jikinta iska take aunawa. Mota ta rage ƙarfi, inji yana ƙara, ya ce bari ya lallaɓa ya kai Kura. Da ta mutu da kanta, ya sayi ruwan leda mai sanyi ya ɗura mata tana tururi. Abin da zafi ya bari, sanyin ya ƙarasa.

Mun kwance. Gasket ta ƙone, tof ya lanƙwashe, ga tsaga tsakanin bawul. Tamostat kuma babu shi, wani gwanin ya cire tun tuni ya sa fanka dairek, wai don ƙasarmu da zafi. Dattijon ya ce, "Ɗan nan, faɗa mini gaskiya, za ta tashi?" Na ce, "Baba, sai an shiga Ƙofar Ruwa an nemo wani tof, in ƙasan ma ya taɓu sai dai injin Beljiyam." Ya daɗe yana kallon motar, bai ce komai ba.

Jama'a, in jar fitilar nan ta kama, tsaya. Ba a kwanar gaba ba, ba in ka sauke fasinja ba. Sauka gefe, kashe inji. Kada ka taɓa murfin tankin ruwa sai inji ya huce sosai. Murfin ne yake riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, kana buɗewa zai taso maka a fuska. Na ga hannun da ya saluɓe ta haka. Kuma kada a zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, na gaji da faɗar wannan.

In kullum sai ka ƙara ruwa, yoyo ne, a nemo shi. Ruwan rijiya da na burtsatse tsatsa suke haifarwa, su toshe lagireto, su cinye wata-fam. A sayi kulan, kuma kar a gauraya ja da kore. Masu fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, Allah ya shirye ku.

Ku kuma 'yan uwana masu sana'a, ku ji tsoron Allah. Mutum ya kawo maka mota da fitila a kunne, ka kashe fitilar ka bar ciwon, ka ce ka yi gyara? In ba ka gano matsalar ba, ka ce ba ka gano ba, ka tura shi gaba. Duk wanda ya ce zai kashe maka fitila ba tare da ya duba ruwa ba, karɓi makullinka ka tafi.

Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya a garejina. Baba ya ce in ba shi sati biyu ya nemo rance.