Jakar da Ba Ta Tsufa

Karatu: Luka 12:13-34

A ƙasar Amurka akwai wata irin roba mai ƙarfi, garau kamar gilashi, ana ce da ita Lucite. Kamfanin DuPont ne ya yi ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da irinta aka yi tagogin jiragen sama. Da aka gama yaƙi a 1945, sai masu sana'a a birnin New York suka shiga ƙera jakunkunan hannu na mata da ita, masu kama da ƙaramin akwati, da murfi da mariƙi.

Da fari suna da tsada, sai matan masu kuɗi. Amma cikin shekarun 1950 aka yi ta zuba masu araha, har yayin ya kai ga 'yan mata 'yan makaranta. Jakar nan ba ta ɗaukar kaya da yawa. Waɗansu ma ana ganin dukan abin da ke ciki, har sai mai ita ta shimfiɗa kallabi a ciki domin ta rufa wa kanta asiri! Duk da haka aka so ta, gama ana ganinta a hannun kowa. Shekarun 1960 ba su yi nisa ba aka yar da ita, aka koma wa jaka mai taushi.

'Yan'uwa, mu lura da aya ta 33. Ubangiji Yesu kansa ya yi zancen jaka. Ya gaya wa almajiransa su sayar da abin da suke da shi su ba matalauta, da haka za su sami jakar da tsufa ba ya taɓa ta. Bai ce jaka zunubi ce ba, kada kuwa dattawa su ɗora wa yara nauyin da shi bai ɗora ba. Kwaɗayi ya tsauta wa, tun a aya ta 15.

Iyaye, sa'ad da ɗiyarku ta ce, "Baba, kowa a ajinmu yana da abu kaza," kada ku yi mata tsawa. Sau da yawa tsoron dariyar ƙawaye ne ke damunta, ba abin ba. Ku zaunar da ita, ku karanta ayoyin nan tare. Sa'an nan ku tambaye ta ko da gaske kowa ne, ko kuwa akwai wata a ajin wadda ko kuɗin littafi ba ta da shi, mene ne kuma sunanta.